Mai Jego a Kogon Maɗaci

Masu riƙe da tsofaffin labarai sun ce, tun zamanin da dabbobi ba su gaji da mutane sun daina yi musu magana ba, an yi wani basarake a garin Gangaren Kanya, ana ce masa Magaji Korau. Mutum ne mai sakin fuska da sakin hannu. Aibinsa ɗaya ne: in murna ta kama shi, kunnensa toshewa yake yi. Yana da lambu a bayan gida, gadon kakansa, cike da tsamiya da ɗorawa da lemo, ga wani ƙaton maɗaci a tsakiya. A gindin maɗacin akwai ɗan tafki, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwar Kififiya wadda ta ga kakan Magaji yana rarrafe. Shi ya sa Magaji yake ce mata Kaka, ita kuwa ta ce masa mai gidana, yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu.

Ana nan sai 'yarsa Lantana, wadda ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu ba, ta zo gida goyon ciki. Da farkon damina Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi namiji. Kai, ranar nan Magaji ya yi dariya har rawaninsa ya warware, bai ma sani ba sai da aka taka masa jelarsa.

Yana cikin wannan hali sai ungozoma ta aiko masa cewa a nemo itace. Mai jego dai wanka take yi da tafasasshen ruwa safe da yamma har ta yi arba'in, ruwa kuwa ba ya tafasa da fatar baki. Ga shi an yi ruwan sama, itacen gidan duk ya jiƙe. Magaji ya ce, "Itace? A gidan mai lambu ake cigiyar itace?" Nan take ya sa aka kira masu gatari. Ya ce duk busasshen reshen da ke lambun a sauke shi, waɗanda suka sunkuyo ƙasa kuma a datse su, don baƙin suna su zauna ba abin da zai tuɓe musu rawani. Ya shige gaba da kansa, suna biye, ya nufi maɗaci, don a nan ne akwai wani busasshen reshe mai kaurin turmi.

Kififiya ta ɗago kai daga ruwa ta ce, "Barka da arziki, mai gidana! Tun da safe nake jin guɗa. An ce an haifo wanda zai ƙwace ni daga hannunka?"

Magaji ya ce, "Kaka, namiji ne, ƙato! Ga hancina sak!"

Ta ce, "To, Allah ya raya, Allah kuma ya gyara hancin. Waɗannan gatura fa? Da wa za a yi yaƙi?"

Ya gaya mata. Ta dubi reshen, ta dube shi, ta ce, "Wannan reshen da kake gani busasshe, gidan mutane ne. Akwai kogo a jikinsa, matar cilakowa na ciki da 'ya'yanta, ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Sauran itatuwan ma duk sheƙuna ne, wasu na kwanci, wasu na ciyarwa. Mijin cilakowar ya so ya roƙe ka da kansa, amma bakinsa ba ya rabuwa da farar da yake kai wa iyali, ina zai sami bakin magana?"

Magaji ya ɗaga kai ya ce, "Ni ban ga kogo ba."

"An yaɓe shi."

"To, Kaka, tsuntsu ai fiffike gare shi. In ta ji sara ta tashi, ga itatuwa nan cike da daji. Jikana ne fa! Uwarsa za ta rasa ruwan wanka saboda cilakowa?"

Kififiya ta san halin mutuminta, ta san in ta ja zai ja. Sai ta ce, "Gatari ba ya tsami, mai gidana. Ka ba mutanen nan goro su zauna a inuwa. Ina gudun kada abin da ya sami Mai gari Jatau ya same ka."

Magaji kuwa, duk gaggawarsa, ba ya iya wuce labari. Ya miƙa wa masu gatari goro, ya tattara riga ya zauna a bakin tafki, ya ce, "Me ya sami Mai gari Jatau?"

Kififiya ta ce:

A can yamma an yi wani gari wai shi Tudun Gwanki. A tsakiyar kasuwarsu akwai wata tsohuwar tsamiya, inda shamuwa ke sauka kowace shekara. Mutanen garin suna da wata al'ada: ba mai kai iri gona, ko da an kwana ana ruwa, sai shamuwa ta sauka a tsamiyar nan ta fara ɗaukar kara. Ruwan da ya biyo bayan wannan shi ne ruwan shuka a wurinsu. Ruwan farko yakan ruɗi manoman wasu garuruwa, su zuba iri rana ta ƙone shi, amma ban da Tudun Gwanki. Har gori suke yi wa maƙwabtansu na Rafin Gora, waɗanda suke abokan wasansu.

Mai garinsu, Jatau, mutumin kirki ne, sai dai yana son a yaba masa. Wata shekara, shamuwa ta riga ta zo ta yi ƙwai, sai ya sami saƙo cewa amininsa na ƙuruciya, wanda suka rabu tun suna samari, yana tafe zai ziyarce shi. Murna ta kama Jatau. Ya sa aka share gari, aka yi wa bangaye sabon yaɓe. Da ya zo kasuwa ya ga gindin tsamiya fari fat da kashin tsuntsu, ga karare na zubowa, sai ya ce wannan abin kunya ne, a yi wa tsamiya aski.

Yana da wata yaya, Kuluwa, mai saƙar kwando, wadda ita ta goye shi. Da ta ji, ta yafa mayafi ta same shi a zaure, ta ce, "Jatau, aski ba laifi ba ne, amma ba a yi wa mai barci. Ka bari su tashi da 'ya'yansu tukuna. Kada ka yi irin gwanintar Gagare."

Ya ce, "Yaya, wane ne kuma Gagare?"

Kuluwa ta ce:

Gagare wani falke ne mai son matarsa Tamadi kamar ransa. Tun yana yaro yake cin daddawa a miya, amma bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba, don rabin rayuwarsa a bayan jaki ya yi ta. Wata rana ya dawo daga fatauci ya tarar Tamadi ta tafi unguwa. Ya ce yau sai ya burge ta. Ya share tsakar gida, ya cika randa, ya kakkaɓe tabarmi. Yana leƙa ɗakin girki sai wani wari ya mare shi. Ya bi warin nan har lungu, ya tarar da kwando an shimfiɗe shi da ganye, an lulluɓe da tsumma, an danne da dutse. Ya ɗaga dutse, ya yaye tsumma, ya ga wani abu baƙi-baƙi mai yauƙi.

Ya ce, "Wayyo Tamadi, baiwar Allah! Aiki ya yi mata yawa har abinci ya ruɓe ba ta sani ba." Ya toshe hanci, ya kinkimi kwando ya kai juji ya juye. Ya wanke shi tas, ya kife a kan danga. Sa'an nan ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki ya zauna yana murmushi, yana jiran godiya.

Abin da ya zubar kuwa kalwa ce da Tamadi ta tara tun bazara. Ta wuni tana dafa ta, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe don ta nuna ta zama daddawar bikin ƙanwarta. Tana shigowa idonta ya faɗa kan kwando a kife. Ta tsaya cik. Ta ce, "Malam, wa ya taɓa kwandon nan?"

Ya ce, "Ni ne. Kada ki gode, ai yi wa kai ne."

Tamadi ta zauna daɓas a ƙasa. Ta so ta yi kuka, ta dubi fuskarsa yadda take ƙyalli don jin daɗi, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har hawaye. Da ta sami numfashi ta ce, "Malam, wanda ya ɗora dutse a kan kwando mahaukaci ne? Gobe-goben nan za ta nuna! In ka ga abu a rufe, ka tambayi wanda ya rufe shi." Bikin nan dai da lamin miya aka yi shi, kuma har ya tsufa ana ce masa Gagare mai tsabta.

Kuluwa ta ce, "To, ka ji, Jatau. Garin neman gira akan rasa ido. Tsamiyar nan kwando ce a rufe, warin da kake ji na abin da bai gama nuna ba ne."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan! Ina zancen tsamiya kin kai ni juji." Ya sa aka hau aka sassare rassa. Sheƙuna suka zubo, ƙwai ya farfashe, shamuwa suka yi ta kewaya kasuwa har la'asar, sa'an nan suka miƙe suka bar garin. Baƙo ya zo, ya ci ya sha, ya kwana biyu. Da zai tafi ya tsaya a kasuwa yana fifita da hula, ya ce, "Jatau, garinka ya yi kyau, sai dai ba inuwa. Ina tsamiyar nan mai shamuwa da muke wasa a gindinta? Ita na fi ɗokin gani." Jatau ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Wannan duk somin taɓi ne. Da shekara ta kewayo, hadari ya fara haɗuwa, aka zuba ido a tsamiya, shiru. Aka yi ruwan farko. Dattawa suka taru, wannan ya ce a shuka, wancan ya ce ubansa bai taɓa shuka ba shamuwa ba. Masu gaggawa suka zuba iri, rana ta buɗe ta soye shi. Sauran suka zauna da iri a ƙwarya suna kallon sama. Ina shamuwar ta koma? Rafin Gora! Dole ta sa aka tashi manzo ya je ya tambayi abokan wasa ko baƙi sun sauka a wurinsu. Mutanen Rafin Gora suka ce, "Sun sauka, suna gaishe ku. In kuna so mu ba ku aron guda, amma ku dawo mana da ita da fiffikenta." Tun daga ranar suke kiransu 'yan aron shamuwa.

Jatau ya je ɗakin yayarsa ya durƙusa, ya ce, "Yaya, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ji hoho. Yanzu mene ne abin yi?" Kuluwa ba ta yi masa gori ba, ko da yake ta ɗan yi kaɗan. Ta tara mata suka saƙa manyan kwanduna masu faɗi, aka hau aka ɗaɗɗaure su a inda tsamiya ta fara tofo, aka zuba 'yan karare a ciki. Shekarar farko ba wanda ya zo. Da wata bazarar ta kewayo, ana tsakiyar cin kasuwa, sai ga inuwa ta gilma. Shamuwa biyu suka sauka a bakin kwando, suka dudduba, ɗaya ta ɗauki kara ta gyara masa zama. Kasuwa ta kaure da guɗa, mai nono ta yi kyautar nononta, mahauci ya bar tukuba yana rawa. Jatau ya tsaya a gindin tsamiya, aka sako masa kashi a kan sabuwar hularsa, ya ce kada wanda ya goge.

Kififiya ta ce, "Ka ji, mai gidana. Jatau ba mugu ba ne, Gagare ma ba mugu ba ne. Murna ce ta ba su gatari. Kai ma yau ita ta ba ka."

Magaji ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Kaka, labarinki ya yi daɗi. Amma shamuwa ai bushara take kawowa, tana da rana. Cilakowa fa? Me ta taɓa tsinana wa wani, ban da kuka da tsakar rana?"

Nan fa ran tsohuwa ya ɓaci. Ta fito daga ruwa gaba ɗaya, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce, "Af! Ashe sai mai rana ake ji wa tausayi? To, jaririn da aka haifa maka yau, gonar wa ya nome? Ban da kuka me ya iya? Ga shi kana neman tuɓe lambu dominsa. Ni na gaji da magana, gani ya kori ji. Rufe bakinka ka ɗaga kanka."

Magaji bai taɓa jin ta da wannan murya ba. Ya ɗaga kai, masu gatari ma suka daina taunar goro. Jim kaɗan sai ga namijin cilakowa ya sauko da fara a baki, duk ya rame, gashinsa a hargitse. Ya manne a jikin busasshen reshen, ya ƙwanƙwasa. Sai a sa'an nan Magaji ya lura da wata 'yar tsaga a tsakiyar yaɓen laka, ko yatsa biyu ba za su shiga ba. Wani baki ya leƙo ta ciki ya karɓi farar ya koma. Namijin bai ko huta ba, ya juya ya sake tashi.

Kififiya ta sassauta murya ta ce, "Lakar nan daga bakin tafkina ya ɗiba, yana kai mata, ita kuma tana yaɓe ƙofar ta ciki da bakinta, don kada maciji ya shiga wa 'ya'yanta. Ka ce tana da fiffike. Ba ta da shi. Da ta rufe kanta, gashin fiffikenta da na wutsiya duk ya zube, a kansa 'ya'yan suke kwance. Ba zai fito ba sai sun tasa. In aka sari reshen nan ba tashi za ta yi ba, tare da su za ta faɗo."

Magaji ya sake duban tsagar. Tausayi ya kama shi, da kunya. Ya ce a kawo tsani. Shugaban masu gatari ya ce, "Ranka ya daɗe, bari ɗayanmu ya hau." Ya ce a'a. Ya tuɓe babbar riga, ya ajiye rawani, ya hau da kansa, tsani na kuka mutane na salati. Da ya kai, ya kara kunne a jikin reshen, ya ji 'yan ƙananan muryoyi suna tsuwa. Ya sa ido a tsagar. Cikin duhu ya ga wani ido yana kallonsa, ba ya ko ƙiftawa. Matar cilakowa ta buɗe guntayen fikafikanta marasa gashi ta rufe 'ya'yanta da su, tana jiran abin da zai yi.

Hawaye ya cika wa Magaji ido. Sai abin da aka wuni ana ce masa ya zo bakinsa. Ya ce, "Salamu alaikum, masu gida. Barka da arziki. Allah ya raya."

Ya sauko a hankali, ya ce wa masu gatari, "Ku je ƙofar gida. Rumfar da nake zaman fada, dirkokinta da azarunta busassu ne tun zamanin babana. Ku rushe ta ku faskara, a kai wa ungozoma."

Suka ce, "Ranka ya daɗe, a ina za ka zauna?"

Ya ce, "A zaure, in ya cika a rana. Ni ina da ƙafar da zan matsa." Ya juya ga Kififiya ya ce, "Kaka, kin yi gaskiya, na karɓa. Amma itatuwan nan suna son aski, wannan reshen ma wata rana zai faɗo wa wani a ka. Yaushe ne lokacinsa?"

Ta ce, "Bayan kaka, in an kai amfanin gona gida, ganye ya fara zuba, sheƙuna sun zama kango. Lokacin itacen ma ya fi jure sara. Ko a sa'an nan, a hau a leƙa kafin a ɗaga gatari, don ba a rasa mai makara."

Ya ce, "Haka za a yi, ni da wanda zai gaje ni."

Bai rufe baki ba sai ga makaɗan gari sun ji inda yake, sun dumfaro ƙofar lambu da kalangai da algaita, mata na biye da guɗa, sun zo yi masa barka. Magaji Korau, mutumin da bai taɓa jin kiɗa ya zauna ba, ya ruga ba riga ba rawani ya tare ƙofa, ya buɗe hannuwa biyu.

Ya ce, "Ku yi wa Allah ku sassauta! Mu je can ƙofar gida, in yi muku rawa har ku gaji. Nan akwai mai jego a ciki."